Gyaran mahaɗan takardun manhajarmu, rana-rana

Litinin, 5 ga Mayu

Toh yau na ɗauki aikin da kowa ke ta zillewa. Watan jiya aka sake tsarin takardun bayanin manhajarmu, aka raba ƙaton fayil ɗin jagora gida-gida, aka kwashe shafukan girkawa zuwa wata folda, aka canza wa wasu sassa take, kuma gaskiya tsarin ya yi kyau ba laifi, sai dai ba wanda ya koma ya bi mahaɗan da ke tura mai karatu daga wannan shafi zuwa wancan. Mutane sun fara kawo ƙorafi wai sun danna "duba nan" sun faɗa 404, wato saƙon ba a sami shafin ba. Na ce a bar min, kwana biyu na gama. Ina rubuta wannan ne don na san halina, in ban rubuta ba nan da sati ba zan tuna dalilin da ya sa na taɓa abu kaza ba.

Da Sphinx muke gina takardun, manhajar da ke mai da rubutu shafukan yanar gizo, wadda Georg Brandl ya fitar a 2008 saboda takardun Python, rubutun kuma reStructuredText ne. Hanyoyin nuni uku na tarar a wajenmu. Akwai `:ref:` da ke bin lakabi, wato ka rubuta `.. _girkawa:` a saman taken sashe sai ka kira shi da wannan sunan daga ko'ina, ko an ɗauke fayil ɗin an kai wani wuri ba ruwansa. Akwai `:doc:` da ke bin hanyar fayil, shi kam kana matsar da fayil ya mutu. Na ukun shi ne wanda ya fi ba ni haushi, mutum ya kwafo cikakken adireshin shafinmu daga burauza ya manna a cikin takardunmu, kamar mai aika wa kansa wasiƙa ta gidan waya alhali yana zaune a ɗakin.

Yau karatu kawai na yi, ban gyara komai ba.

Talata, 6 ga Mayu

Na gina takardun, gargaɗi ya zubo kamar ba zai tsaya ba. Na gyara guda biyar ko shida na sake ginawa, sai na ga kusan duk sun ɓace. Har na fara murmushi ina cewa ashe abin ba wani abu ba ne.

Ashe yaudarar kaina nake. Sphinx yana ajiye abin da ya riga ya karanta, in ka sake gini fayilolin da suka canza kawai yake komawa kansu, su ma sauran gargaɗin suna nan daram, bai sake faɗa min ba ne kurum. Sai da na sa `-E` don ya watsar da ajiyar ya karanta komai daga farko, da `-a` don ya sake rubuta kowane shafi, sannan suka dawo gaba ɗayansu. Daga yau ba na ƙirga komai sai daga gini mai tsabta.

Abu na biyu da na gano yau ya fi wannan muhimmanci. In `:ref:` bai sami lakabinsa ba Sphinx zai yi magana. Amma irin su `:func:` da `:class:` da `:meth:`, in ba su sami abin da suke nuni gare shi ba shiru yake yi, ya buga sunan da harafin lamba mai kyau kamar komai lafiya, sai dai ba ya dannuwa. Sai ka kunna `-n` sannan ya fara tona su. Da na kunna, jerin ya ninka. Wasu tun shekarun baya suke a mace ba wanda ya lura, don a ido ba su da wani bambanci da masu rai in ba ka kai linzami kansu ba.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na gama da `:doc:` ɗin da suka karye. Yawancinsu na mai da su `:ref:` ne maimakon in gyara hanyar, don wata rana wani zai sake matsar da fayilolin nan, na tabbata. Waɗanda na bari a matsayin `:doc:` na sa musu `/` a gaba don su riƙa ƙirgawa daga tushen foldar takardu, ba `../../` ɗin nan da sai ka tsaya kana ƙirga hawa da yatsa ba.

Wani ƙaramin abu: lakabin da ba a saman take yake ba, misali wanda aka ɗora a kan sakin layi, `:ref:` ba zai san sunan da zai nuna ba, dole ka ba shi rubutun da kanka sannan ka sa lakabin tsakanin `<` da `>`. Na ɓata kusan rabin awa ina neman kuskuren rubutu a lakabin da ba shi da ko ɗaya.

Lahadi, 11 ga Mayu

Na yi ɓarna yau, bari in rubuta don kar in maimaita.

Akwai lakabi mai suna `setup` da nake so in canza masa suna don yana rikicewa da wani. Na ga wurare da yawa ne, na ce wa zai tsaya bi ɗaya-ɗaya, na haɗa `git grep` da `sed` na sake su a kan foldar gaba ɗaya. Ya canza lakabin kam. Ya kuma canza kalmar a cikin misalan lamba, da sunan wani fayil da ake ambata a jagorar masu ba da gudummawa, da tarihin canje-canje na tsofaffin sigogi wanda bai kamata a taɓa ba sam tunda tarihi ne, abin da aka rubuta a lokacin shi ne gaskiyar lokacin. Kuma ginin ya wuce sumul ba gargaɗi ko ɗaya, don Sphinx ba ruwansa da abin da ke cikin misalin lamba. Allah ya taimake ni ban yi komit ba, wato ban adana canjin a tarihin git ba, `git diff` na buɗe na ga ja da kore sun cika allo a fayilolin da ban san na shiga ba.

Na mai da komai yadda yake. Na sake yi da tsarin nema mai tsauri, sai kalmar ta zo bayan `:ref:` ko a layin lakabi kaɗai, sannan na bi da `git add -p` ina duba kowane yanki kafin in karɓa. Ya ɗau lokaci amma dai.

Laraba, 14 ga Mayu

Ranar intersphinx. Shi ne abin da ke ba mu damar nuni zuwa takardun wasu manhajoji, kowane aikin Sphinx yana fitar da wani fayil `objects.inv`, layi huɗu na rubutu a sama sauran a matse da zlib, a ciki akwai sunan kowane abu da adireshinsa. In kana son ganin cikinsa sai ka kira `python -m sphinx.ext.intersphinx` ka ba shi adireshin fayil ɗin ya zazzage maka.

Mu da `docs.python.org/3` muka haɗa, shi kuma `/3` ɗin nan tafiya yake da zamani, kullum sigar da ake ciki yake nunawa. Shi ya sa nuninmu zuwa `distutils.version.LooseVersion` ya mutu ba tare da mun taɓa komai ba, an cire `distutils` a Python 3.12 da ya fito a Oktoban 2023, haka ma `imp`. A nan gyaran mahaɗi kaɗai ba zai wadatar ba, don shawarar da sakin layin ke bayarwa ita kanta ta tsufa. Na sake rubuta wurin ya koma maganar `packaging.version` da `importlib`. Wani ya ba da shawara a kan mu ɗaure intersphinx da tsohuwar siga kawai gargaɗin ya tafi. Zai tafi ɗin, amma muna tura mutane ke nan su karanta abin da babu shi a kwamfutarsu. Ban yarda ba.

Akwai kuma waɗanda autodoc, mai ciro bayani daga cikin lambar manhaja, ke haifarwa da kansa daga alamomin nau'i, irin `_io.StringIO`, sunan cikin gida ne da ba ya cikin kundin Python. Su na zuba a `nitpick_ignore`, jerin abubuwan da ba a so a yi gargaɗi a kansu, kowanne da layin bayani a samansa. Na ga ayyukan da jerin nan nasu ya zama juji, duk abin da ya dame su sai su jefa ciki, ba na so namu ya koma haka.

Alhamis, 15 ga Mayu

Wannan ita ce ranar da ta canza min yadda nake kallon aikin gaba ɗaya.

Gargaɗin cikin gida ya kusa ƙarewa, sai na ce bari in zauna in karanta shafukan kamar baƙo, ina danna duk abin da ya dannu. A shafin farko na jagora akwai jimlar da ke cewa in wata kalma ta shige maka duhu ka duba ƙamus ɗinmu. Na danna. Ya buɗe lafiya lau, shafi mai kyau, jerin kalmomi da ma'anoninsu. Sai da na gangara ƙasa ina neman wata kalma tamu ban ganta ba, na ɗaga kai na kalli adireshin, ashe ƙamus ɗin Python nake ciki.

Abin da ya faru shi ne lokacin sake tsari an goge layin `.. _glossary:` daga fayil ɗinmu ba da gangan ba. Sphinx ya nemi lakabin a gida bai samu ba, sai ya leƙa kundin intersphinx, su ma Python suna da lakabi mai wannan sunan daidai, sai ya ɗaura mu a can ya yi shiru abinsa. Ba gargaɗi, ba 404, `-n` bai ce komai ba, mai duba mahaɗai ma ba zai ce komai ba tunda shafin yana nan da ransa. Wata guda ke nan duk wanda ya danna wurin nan ana kai shi gidan maƙwabta, kuma ba wanda ya kawo ƙorafi, ina jin kowa ya ɗauka shi ne bai gane ba.

Wanda ya karye ai ya yi maka alheri, ya yi ihu ka ji. Wannan mai buɗewa ɗin ne abin tsoro, yana aiki amma ba inda aka aike shi yake zuwa ba.

Na mai da lakabin. Sannan na sa `intersphinx_disabled_reftypes` ya ƙunshi `std:*`, don daga yanzu in ana son nuni zuwa lakabin waje sai an faɗa ƙarara, kamar `:external+python:ref:`. Ina kunna wannan sai ga wasu guda biyu sun fito da suke yin irin wannan satar hanya, ɗaya ma ya fi shekara a haka in aka bi `git log`.

Litinin, 19 ga Mayu

Na juya kan mahaɗan waje da `make linkcheck`. Yana zuba sakamako a `output.txt` da `output.json`, na fi son na biyun don ina iya tacewa.

Kamar tonon tsohon gari ne. Akwai nuni zuwa Google Code da aka rufe tun 2016. Akwai ma'ajiyar Mercurial a Bitbucket, su kuma sun daina ɗaukar Mercurial a 2020. Akwai tambarin gwaji na travis-ci.org. Shafin neman taimako har yanzu yana cewa a same mu a dandalin hira na Freenode alhali tun 2021 aka koma Libera Chat. Da adiresoshin readthedocs.org na takardun wasu ayyuka da suka koma readthedocs.io tun 2016, su dai suna turawa, amma na sabunta su. Da masu `/blob/master/` na ayyukan da suka mai da reshensu `main`.

Dokar da na sa wa kaina: in turawar ta dindindin ce, 301, in sabunta adireshin. In ta wucin gadi ce, 302, in bar shi yadda yake sai in na ga dalili. In shafin ya mutu kwata-kwata in nemi sabon gidansa, in babu in duba Wayback Machine, ma'ajiyar tsofaffin shafuka, in kuma abin da ke ciki bai da sauran amfani in cire jimlar gaba ɗaya. Ba kowane mahaɗi ne ya cancanci a tashe shi ba.

Sai kuma masu ƙarya ta ɗaya ɓangaren, waɗanda aka ce sun karye alhali lafiyarsu ƙalau. Wasu sabobi, wato kwamfutocin da ke riƙe da shafukan, suna ganin ba mutum ba ne sai su mayar da 403, alamar an hana shiga. Wata saba kuma da muke da nuni da yawa zuwa gare ta ta fara ba ni 429, wai na cika tambaya, na rage `linkcheck_workers` daga 5 zuwa 2 abin ya lafa. Wasu shafukan kuma sai burauza ta gudanar da JavaScript sannan wutsiyar adireshin, abin da ke bayan `#`, take samuwa, mai dubawa ba ya ganinta sai ya ce babu. Su na sa a `linkcheck_anchors_ignore_for_url`.

Laraba, 21 ga Mayu

Saboda abin da ya same ni ranar Alhamis na ƙi yarda da jerin "masu aiki". Na buɗe su da hannu ɗaya bayan ɗaya, ina sauraron wani abu a kunne don kar barci ya ɗauke ni.

Na samu uku. Ɗaya shafin wani marubuci ne da ya yi bayani mai kyau kan yadda ake saita manhajarmu, sunan yankin ya ƙare wani ya saye, yanzu tallan caca ne a wurin, kuma yana mayar da 200, alamar komai lafiya, cikin fara'a. Na biyu kamfani ne da ya sake gidan yanarsa, duk tsohon adireshi sai ya tura ka shafin farko. Na uku `docs.python.org/2`, yana nan yana buɗewa, amma Python 2 ya daina samun kulawa tun 1 ga Janairun 2020, mu kuma mun daɗe da barinsa.

Ba injin da zai kama maka waɗannan. Na caca ɗin nan ya tsaya min a rai, takardunmu ne fa ke cewa "don ƙarin bayani duba nan".

Juma'a, 23 ga Mayu

Na tura buƙatar a haɗe gyaran. Mai bita ta dawo min da tambaya ɗaya tak: "Ɗan'uwa, namu na ciki ka gyara, na mutanen waje da ke nuno mu fa?"

Gaskiyarta. Ni duk tunanina yana kan mahaɗan da ke fita daga shafukanmu, na manta da masu shigowa. Amsoshin da mutane suka rubuta shekaru da suka wuce, rubuce-rubucen koyarwa, alamomin da mutane suka ajiye a burauza, kundin intersphinx na wasu ayyukan da ke kiran lakabanmu. Mafi muni, na yi `git grep` a cikin lambar manhajar kanta na tarar akwai saƙonnin kuskure da ke buga adireshin takardunmu. Sigogin da aka riga aka saki suna kwamfutocin mutane, ba mu da hannun da za mu gyara su, za su ci gaba da buga tsohon adireshin nan har ranar da aka daina amfani da su, kuma wanda ke ganin saƙon nan mutum ne da abu ya riga ya lalace masa yana neman mafita.

Don haka tsofaffin adiresoshin dole su rayu. Na fitar da jerin duk shafukan da ke sigar da ta gabata na kwatanta da na yanzu, duk wanda ya ɓace na yi masa turawa.

Wutsiya ce ta ba ni wahala. Burauza ba ta aika abin da ke bayan `#` zuwa saba, saboda haka ba za ka iya rubuta doka a saba ka ce in an nemi sashe kaza a kai mutum wuri kaza ba. Abin da ke taimakawa shi ne burauza tana riƙe wutsiyar ta liƙa ta a sabon adireshin bayan turawa. Ita kuma wutsiyar daga taken sashe ake ƙera ta, ka canza take ta canza. Dabarar ita ce ka ɗora lakabi mai tsohon sunan a saman sabon taken, Sphinx zai fitar da shi a matsayin ƙarin alama a shafin, tsohon adireshin sai ya sauka daidai wurin. Ana iya jera lakabi biyu ko uku a kan take ɗaya. Inda dabarar ta gaza shi ne tsohon ƙaton fayil ɗin jagora da aka raba gida shida, turawa ɗaya ba za ta iya kai mutum gida shida ba. A nan na bar ɗan gajeren shafi a tsohon adireshin, kowane tsohon sashe da alamarsa da layi ɗaya mai cewa ya koma wuri kaza. Ba shi da kyan gani, na sa masa `:orphan:` don kar Sphinx ya yi gargaɗin ba ya cikin jerin abubuwan ciki.

Talata, 27 ga Mayu

Masu fassara sun yi magana, kuma da hujjarsu. Kowane sakin layi da na taɓa, ko harafi ɗaya ne a cikin lakabi, asalin rubutun ya canza a fayilolin fassara na `.po`, sai a yi wa fassarar alamar shakku, Sphinx kuma ba ya amfani da mai alamar shakku sai an ce ya yi, sai sakin layin ya koma Turanci a tsakiyar shafin da aka fassara. Ban yi wannan tunanin ba ko kaɗan. Na zauna na bi waɗanda lakabi kaɗai ya canza a cikinsu na gyara lakabin a fassarar na cire alamar, wannan ba ya buƙatar jin harshen. Waɗanda na sake wa ma'ana, irin na `distutils`, na bar wa masu harshen na rubuta musu jerin.

A hanya na ga inda wani mai fassara ya fassara har da sunan lakabin da ke tsakanin `<` da `>`. Na gyara na bar masa ɗan bayani, kuskure ne da kowa zai iya yi.

README ma ya so ya ba ni kunya. Na sa masa `:ref:` don tsabta, na manta PyPI, rumbun manhajojin Python, ba da Sphinx yake nuna shi ba, bai san wannan kalmar ba. `twine check` ne ya kama. Shi kam cikakken adireshi ya dace da shi, na mai da su, amma zuwa `/stable/` ba `/latest/` ba.

Litinin, 2 ga Yuni

An haɗe gyaran da safe. Injin gwajinmu yanzu yana gina takardu da `-n -W --keep-going`, duk wanda ya karya nuni na cikin gida gwajinsa zai faɗi kafin a haɗe. Duba mahaɗan waje kuma na ƙi sa shi a kan kowace buƙata, don bai kamata gyaran mutum ya tsaya saboda sabar wani can ta yi atishawa ba, sau ɗaya a sati zai riƙa gudana ya buɗe rahoto in ya ga wani abu.

Saura abu biyu. Akwai shafuka huɗu a sashen misalai da ban karanta da idon baƙo ba tukuna, ina zargin akwai irin na ƙamus ɗin nan a ciki. Sannan saƙonnin kuskuren da ke cikin lamba, ina so in tattara adiresoshinsu a fayil ɗaya in rubuta ɗan gwaji da zai tabbatar kowannensu yana cikin `objects.inv` ɗinmu ko jerin turawa. Na fara rubuta shi ɗazu, ya riga ya kama guda ɗaya da na tsallake ranar Juma'a 23 ga Mayu.